Darasi na 14: Ƴancin Addini a Gaban Alƙali

Manufar darasi

Idan muka kammala wannan darasi, kowane ɗalibi zai iya:

1. faɗin abin da ake nufi da ƴancin addini da inda iyakarsa take;
2. ba da labarin wasu shari'u da rigingimu da suka auku kusa da mu, da mutanen da abin ya faɗa wa;
3. sanin ƙofar da zai nufa idan an tauye masa haƙƙi, ko an tauye wa maƙwabcinsa.

Kalmomin da za mu haɗu da su

- Kundin tsarin mulki: uwar dokokin ƙasa.
- Daftarin doka: rubutun da ake shirin mayarwa doka, kafin majalisa ta amince da shi.
- Ɗaukaka ƙara: kai shari'a kotu ta gaba idan ba a gamsu da hukuncin ta farko ba.
- Lauya: masanin doka mai tsaya wa mutum a kotu, wanda a nan muke ce wa aboka.
- Diyya: kuɗin da kotu ke sa a biya wanda aka cuta.

1. Me ya haɗa mu da wannan zance?

Duk wanda ya zauna a tashar motar Madawa ranar kasuwa zai ga jama'a iri-iri. Ga manoman albasa daga fadamar Tarka, ga masu hatsi daga tuddan Buza da kwarin Majiya, ga mutanen Keita da Tamaske, ga Buzaye da Fulani da bisashensu, ga samari ƴan ci-rani da suka dawo daga Abijan ko Legas. Da an kira sallar azahar, kusan kowa buta yake nema. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa cikin kowane mutum 100 a Nijar, 99 Musulmi ne. Saboda haka wani zai ce: to mu da muke kusan addini ɗaya, ina ruwanmu da zancen ƴancin addini?

Amsar tana cikin garuruwanmu. Akwai ɗan Tijjaniyya, akwai ɗan Ƙadiriyya, akwai ɗan Izala. Wani yana saki a sallah, wani yana ƙablu. Yawancin rigimar addini da ke kai mutane gaban mai gari ko sarki tsakanin Musulmi da Musulmi take: wa zai yi limanci, ko za a buɗe masallacin Juma'a na biyu, wa'azin dare da lasifika, ko uban da ya hana ƴarsa auren saurayi don ba ɗariƙarsu ɗaya ba.

Ban da wannan, muna zaune da Kiristoci ƴan kaɗan, wasu ƴan ƙasa, wasu baƙi. Asibitin mishan na Galmi, wanda aka buɗe a 1950, ya yi jinyar iyayenmu da kakanninmu. A wasu ƙauyuka kuma har yau akwai masu riƙe da al'adun gargajiya. Wanda ba shi da yawan jama'a a bayansa, doka ce kaɗai gatansa.

2. Buƙatu biyar a Magami

Wannan magana tsohuwa ce a ƙasarmu. An haifi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a 1754 a Maratta, kusa da Galmi, cikin ƙasar Gobir ta wancan zamani. Wajajen 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Sallah, ya yi musu kyauta mai yawa. Shehu bai karɓi dukiya ba. Ya roƙi abu biyar: a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah, kada a hana kowa amsa kiran, a girmama mai rawani, a saki fursunoni, a sauƙaƙa wa talakawa haraji. Bawa ya amince, aka samu shekaru ana wa'azi da karantarwa cikin natsuwa.

Bayan wasu shekaru Sarki Nafata ya sa aka yi shela da ta rushe wannan alkawari. Aka ce ban da Shehu kada kowa ya yi wa'azi, kada ɗa ya bar addinin ubansa, wanda ya riga ya musulunta ya koma inda ya fito, maza su daina naɗa rawani, mata su daina lulluɓi. Daga nan zama ya ƙi daɗi. A zamanin magajinsa Yunfa, cikin Fabrairun 1804, Shehu da jama'arsa suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu, yaƙi ya ɓarke, Alƙalawa, birnin Sarkin Gobir, ya faɗi a 1808.

Mu lura da abu guda. A lokacin, jama'ar Shehu su ne marasa ƙarfi, kuma abin da suka nema shi ne abin da yau ake kira ƴancin addini: damar wa'azi, damar amsa kira, damar sa tufafin da imaninka ya umarce ka. Sarkin da ya ba da damar ya samu zaman lafiya. Wanda ya janye ta ya bar wa magajinsa yaƙi. Duk wanda ya ji zafin shelar Nafata a zuciyarsa bai kamata ya so a yi wa wani irinta ba.

3. Abin da doka ta tanada

Bayan Babban Taron Ƙasa na 1991 an yi doguwar muhawara a Nijar kan matsayin addini a mulki. Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya tsaya a kan raba gwamnati da addini a sashe na 3. Sashe na 8 ya ce kowa daidai yake a gaban doka, kuma ƙasa tana girmama kowane imani tana kare shi. Sashe na 30 ya ba kowa ƴancin tunani da imani da ibada. An dakatar da wannan kundi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, kuma tun Maris 2025 ana tafiyar da ƙasa da Kundin Sake Gina Ƙasa. Amma kotuna suna ci gaba da aiki da dokokin yau da kullum, haka ma yarjejeniyoyin da Nijar ta sa wa hannu suna nan.

Biyu daga cikinsu sun shafi darasinmu. Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da Al'ummu, wadda aka amince da ita a Nairobi a 1981, ta kare ƴancin imani da ibada a sashe na 8. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙin ɗan ƙasa da na siyasa ta yi haka a sashe na 18. Nijar ta shiga dukkansu a 1986. A cikin gida kuma, sashe na 102 na kundin hukunta laifuka, wanda aka kafa tun 1961, ya tanadi ɗaurin shekara 1 zuwa 5 ga wanda ya yi abin da ya taɓa ƴancin imani ko ibada ta hanyar da za ta tunzura ƴan ƙasa a kan juna.

Raba gwamnati da addini ba gaba da addini ba ne. Gwamnati tana shirya tafiyar alhazai, tana ba da hutun Sallah ƙarama da babba da Mauludi, tana ba da na Kirsimeti da Ista. Abin da ake nufi shi ne hukuma ba ta zaɓa wa mutum addini, wani malami ko fasto kuma ba ya riƙe hukuma ya juya ta a kan wasu. Malamanmu ma suna kafa hujja da aya ta 256 ta Suratul Baƙara wajen hana tilasta wa mutum shiga addini.

Ƴancin nan kashi biyu ne. Na farko abin da ke cikin zuciya, wanda babu perefe ko alƙali ko jandarma da ke da iko a kansa. Na biyu abin da ke fitowa fili, kamar taro da gini da wa'azi da lasifika. Shi wannan doka tana iya sa masa iyaka saboda tsaro, ko lafiyar jama'a, ko haƙƙin wasu. Mun gani a 2020, lokacin annobar korona, da aka rufe masallatai da coci-coci a watan Maris aka sake buɗe su a watan Mayu. Mutane da yawa sun ji ciwon matakin. Abin da ɗan ƙasa zai tambaya a irin wannan hali uku ne: doka ce ta ba da izini? Akwai dalili na gaskiya? An yi wa kowa daidai?

4. Maraɗi, Yuni 2019: fassarar da ta haifi gobara

A 2019 gwamnati ta kai wa majalisar dokoki daftarin doka kan yadda za a gudanar da ibada a Nijar. Daftarin ya tabbatar da ƴancin ibada, ya kuma ba hukuma damar sa ido kan gina wuraren ibada da kuɗin da ake gina su da shi. Kafin a kai ga ƙuri'a, zance ya riga ya cika gari da wayoyi.

Ranar Juma'a 14 ga Yuni, limamin wani masallaci a unguwar Zariya ta Maraɗi, Sheikh Rayadoune, ya soki daftarin, ya ce ya saɓa wa Musulunci. Washegari Asabar ƴan sanda suka kama shi. Cikin dare matasa suka fita, suka ƙona tayoyi a kan tituna, suka cinna wa wani coci na unguwar wuta, suka ƙona motar faston. Ranar Lahadi aka saki liman. Ya kira magoya bayansa su daina ƙone-ƙone, ya nemi afuwa, ya bayyana cewa waɗanda suka fassara masa takardar daga Faransanci ne suka ɓatar da shi. Ranar Litinin 17 ga Yuni majalisa ta amince da dokar.

Mu tsaya mu duba waɗanda abin ya faɗa wa. Liman ya kwana a hannun hukuma, kuma mutane suna da damar tambaya ko kamun ya dace, domin sukar daftarin doka haƙƙi ne na kowane ɗan ƙasa. Matasan da suka fita sun jefa kansu da iyayensu cikin tashin hankali a kan takardar da ba su karanta ba. Fasto da jama'arsa kuwa ba su rubuta daftarin ba, ba su kama liman ba, amma su suka wayi gari da toka.

Shekara huɗu kafin nan an ga abin da ya fi wannan muni. A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, bayan wata jarida a Faransa ta buga zanen ɓatanci ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zanga-zanga ta rikiɗe a Damagaram da Yamai. Mutum 10 suka rasu, ƴan sanda suka ce an ƙona coci 45 a Yamai kaɗai. Ɓacin ran Musulmi yana da dalili. Sai dai wanda ya yi zanen yana Faransa, waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi asara kuwa ƴan Nijar ne.

Ga mu masu karatun yaƙi da jahilci, labarin Maraɗi namu ne kai tsaye. Dokokinmu da Faransanci ake rubuta su, yawancinmu kuma ta bakin wani muke jin su. Idan babban malami zai iya faɗawa ramin mummunar fassara, ina ga manomi da saƙon murya ya iske shi a gona? Kundin Maris 2025 ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ke nan muna da hujjar neman a fassara mana dokoki da Hausa, mu kuma mu dage da karatu har mu iya duba su da idonmu. Gani ya kori ji.

5. Ƙwanni: lokacin da al'ada ta sa rigar addini

Wani lokaci ana tauye mutum ne da sunan addini alhali addinin bai ce haka ba. Shari'ar Hadijatu Mani misali ce daga jiharmu ta Tawa. A 1996, tana ƴar shekara 12, aka sayar da ita jika 240 ga wani mai hali a yankin Ƙwanni, ta zama wahaya, wato mace ta biyar da ake ajiyewa ba sadaki ba ɗaurin aure. Masu yin haka suna fakewa da cewa addini ya halatta musu sa-ɗaka. Binciken ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta ya nuna al'adar ta fi yawa tsakanin Ƙwanni da Illela da Madawa da Buza.

Ta yi shekara tara tana bauta. A 2003 Nijar ta sa bautar da mutum cikin manyan laifuka, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30. A Agustan 2005 mutumin ya ba ta takardar ƴanci, amma ya ce ba za ta tafi ba domin matarsa ce. Ta kai ƙara. A Maris 2006 kotun farko a Ƙwanni ta ce babu aure, tunda ba a biya sadaki ba, ba a ɗaura aure ba, ba a nemi yardarta ba. Mu lura: sharuɗɗan auren Musulunci da kowane liman ya sani su ne suka warware ƙaryar.

Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. A Yunin 2006 kotu ta gaba ta rushe wannan hukunci. A Disamba Kotun Ƙoli ta soke na biyun, ta mayar da shari'ar a sake. Ana cikin haka Hadijatu ta auri wanda take so, sai a Mayun 2007 aka yanke mata ɗaurin wata shida da laifin aure kan aure, ta yi kusan wata biyu a gidan kaso. Da taimakon Timidria da lauyoyi ta kai ƙara kotun ƙungiyar CEDEAO, wadda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira ECOWAS. Kotun ta zo ta zauna a Yamai. Ranar 27 ga Oktoba 2008 ta yanke cewa an bautar da Hadijatu, hukumomin Nijar kuma sun kasa kare ta, ta sa a biya ta diyyar sefa miliyan 10.

Hukuncin bai tsaya kanta ba. A Mayun 2014 kotu a Ƙwanni ta ɗaure wani mutum shekara huɗu saboda ajiye wahaya. Nijar ta fice daga CEDEAO a Janairun 2025, abin da ya ƙara wa kotunanmu na gida nauyi. Darasin dai yana nan: wanda ya ce maka "addini ne ya ce", kana da damar tambayarsa hujja, kana da damar kai maganar gaban malamai masana da gaban alƙali. Hadijatu ba ta yi boko ba, ba ta da dukiya, amma ta jure shekara uku tana bin ƙofofin shari'a har ta kai gaci.

6. Tsallaken iyaka: Legas, Kano da Sakkwato

Ƴan ci-raninmu sun san Legas. A can wasu ƴan mata biyu Musulmi ƴan makaranta suka kai gwamnatin jihar ƙara saboda an hana sa hijabi a makarantun gwamnati. A 2014 babbar kotu ta ba gwamnati gaskiya. Ba su ƙona makaranta ba, suka ɗaukaka ƙara. A 2016 kotun ɗaukaka ƙara ta ba su gaskiya, ranar 17 ga Yuni 2022 kuma Kotun Ƙolin Najeriya ta tabbatar. Kusan shekara takwas aka yi daga hukuncin farko zuwa na ƙarshe, amma yau dubban ƴan mata suna cin moriyarsa. Ƴancin addini ne ya tsaya musu, irin wanda ke tsaya wa Kirista a Maraɗi.

A Kano, cikin Agustan 2020, wata kotun shari'ar Musulunci ta yanke wa mawaƙi Yahaya Sharif-Aminu hukuncin kisa bisa zargin ɓatanci. A Janairun 2021 babbar kotun jihar ta soke hukuncin domin an yi masa shari'a ba tare da lauya ba, ta ce a sake. A ranar kuma ta sallami wani yaro da aka yanke wa shekara 10. Mutane sun rabu sosai a kan wannan shari'a. Abin da ya fito fili shi ne, komai nauyin zargi, sai an saurari wanda ake zargi, kuma kuskuren alƙali yana gyaruwa a kotu ta gaba.

Kuskuren taron jama'a kuwa ba ya gyaruwa. A Sakkwato, a Mayun 2022, an kashe wata ɗaliba Kirista, Deborah Samuel, a kwalejin horon malamai ta Shehu Shagari bisa zargin ɓatanci. A Yunin 2023 aka kashe wani mahauci Musulmi, Usman Buda, bisa irin wannan zargi. Babu ɗayansu da ya tsaya gaban alƙali, babu shaidar da aka tantance, babu ƙarar da za a ɗaukaka. A fiƙihun Malikiyya da muke karantawa a zaurukanmu ma, yanke hukunci aikin alƙali ne, bayan shaidu da bincike. Idan aka bar taro ya zama alƙali, duk mai gaba da kai a kasuwa ko a gona ya samu makami.

7. Ƙofofin da za ka bi

Ta farko, sulhu. Doka ta ba mai gari da sarki ikon sasanta mutane a rigingimun al'ada. Rikicin limanci ko na lasifika ya fi kyau a kashe shi a nan, tare da malaman ɓangarorin biyu. A nemi a rubuta takardar sulhu, kowa ya sa hannu.

Ta biyu, jandarma ko ƴan sanda. Duka, barazana, ƙona wurin ibada da bautar da mutum laifuka ne. Ba a rufe su a zaure.

Ta uku, kotu. Madawa da Buza da Keita kowanne yana da kotunsa. A shari'ar aure, saki, gado da gonaki, alƙali yana zama da masana al'ada. Amma ba a aiki da al'adar da ta saɓa wa dokokin ƙasa ko ta tauye ƴancin mutum. Idan ba ka jin Faransanci, ka nemi tafinta.

Ta huɗu, ɗaukaka ƙara. Tana da wa'adi, wanda ya yi jinkiri ƙofa ta rufe masa. Ranar da aka yanke hukunci, ka tambayi kwana nawa gare ka, ka kuma nemi takardar hukuncin.

Ta biyar, taimakon shari'a. A 2011 an kafa hukumar ANAJJ domin taimaka wa marasa hali da shawara da lauya. Ka tambayi wakilinta a kotu.

Masu niyyar gina masallaci ko coci kuma, su fara da takardar fili da izinin hukuma kafin su aza tubali.

8. Hira: a karanta mutum biyu-biyu

Wani saurayi ya iske kawunsa a rumfar ƙofar gida bayan la'asar.

"Kawu, barka da hutawa."

"Barka kadai, ɗana. Na ga ranka a ɓace, lafiya?"

"Wani saƙo aka turo a WhatsApp. An ce an kafa dokar hana wa'azi, samari suna shirin fita bayan isha'i."

"Wa ya yi maganar?"

"Bai faɗi sunansa ba, Kawu. Murya ce kawai."

"Ka ga dokar da idonka?"

"A'a, amma kowa yana faɗi."

"To zauna. Gobe da safe mu je wurin mai gari, mu ɗauki liman da malamin makarantarku. A samo takardar, a karanta mana ita layi-layi. In da cuta a ciki, mu rubuta kukanmu mu kai wa perefe, in ta kama mu je kotu sai mu je."

"In kuwa samarin sun ƙi jira fa?"

"Ka tambaye su gidan wa za su nufa, kuma me mai gidan ya yi musu. Tashi ka kira mini babbansu."

"To Kawu, Allah ya ƙara girma."

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa biyar Shehu Usmanu ya roƙa a Magami? Wanne cikinsu ne shelar Nafata ta rushe?
2. Mene ne bambancin abin da ke cikin zuciya da abin da ke fitowa fili a ƴancin addini?
3. Me limamin Maraɗi ya ce ya jawo kuskurensa? Su wa suka yi asara?
4. Waɗanne hujjoji uku kotun farko ta Ƙwanni ta bayar cewa babu aure?
5. Me ya bambanta abin da ya faru a Legas da abin da ya faru a Sakkwato?

Aikin yi

1. Ku kasu gida uku. Kowane rukuni ya tuna wata rigimar addini da aka sasanta a yankinsa, ba tare da ambaton sunan kowa ba. Wa ya shiga tsakani? Me ya sa sulhun ya riƙe?
2. Kowa ya rubuta jimla biyar zuwa ga mai gari, yana neman a karanta wa jama'a wata doka da Hausa.
3. Lissafi: an sayar da Hadijatu jika 240, kotu ta sa a biya ta sefa miliyan 10. Jika nawa ne miliyan 10? Nawa ne bambancin?

Abin riƙewa

Ɗan'uwa mai karatu, ƴar'uwa mai karatu, dokar da ta hana a rufe maka masallaci ita ce ta hana a ƙona wa maƙwabcinka coci, ita ce kuma ta hana a ɗaure mace da igiyar da addini bai ɗaura ba. Idan ka bari aka karya ta a kan wani, ranar da za ka neme ta ba za ka same ta ba. In zance ya zo maka, ka nemi takarda ka karanta. In an cuce ka, ka nufi sulhu, in ya ƙi ka nufi alƙali. In kuma ka ga taro ya nufi gidan wani da sunan addini, ka zama na farkon da zai ce a tsaya. Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya.